Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Wasiƙa Daga Liyon



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida Baba da Inna da su Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da ƙannena baki ɗaya, da dangin Inna na Maraɗi da Tibiri, da abokai masu leƙo wannan shafi daga Kano da Zariya da sauran wurare. Ina fatan kowa yana lafiya kamar yadda nake a nan. Karatu sai godiya.

Yau ba labarin abinci ko tsadar haya zan ba ku ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san za ta sosa wa wasu, musamman 'yan'uwa da abokai ma'aikatan gwamnati. Su yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganar ita ce: shekara sittin da ɗoriya ke nan muna da hukumomin kogi na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da maƙwabta, muna da yarjejeniyoyin da za su cika akwati, amma har yau mai lambu a Madarumfa, ko mai tattasai a Diffa, ko masunci a Wudil, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a gaya masa abin da ke cikin ruwan da ya gangaro masa daga maƙwabcinsa na sama. Ana cewa talauci ne ya jawo. Ni na ce sakaci ne, kuma ga dalilaina.

Bari in fara da garin da nake. Kogin Ron ne ya ratsa Liyon, shi kuwa ba ɗan asalin Faransa ba ne. Daga ƙanƙarar duwatsun Siwizalan yake tasowa, ya faɗa wani babban tafki mai suna Leman wanda iyakar ƙasashen biyu ta bi ta tsakiyarsa, ya fito ta birnin Jeniba, sannan ya shigo Faransa ya nufi Bahar Rum. Mafi yawan ruwan famfon Liyon daga rijiyoyin wani fili da ake kira Crépieux-Charmy ake jawo shi, su kuma rijiyoyin ruwan kogin ne ke tsiyayo musu ta cikin yashi da tsakuwa. Ke nan shayin da nake dafawa da safe, ragowar mutanen wata ƙasa ne. In sun kula da shi na sha lafiya, in sun ɓata shi ni ma na ɗanɗana.

Tafkin Leman kansa yana shayar da mutum kusan 900,000. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu garuruwan bakinsa suka cika, ruwan kwata da na masai da kumfar omo da takin gona duk suka riƙa tuɗaɗowa cikinsa. A cikin waɗannan akwai sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga gansakuka. Gansakuka ta yi yawa, ta mutu ta nutse, ruɓewarta ta cinye iskar da ke ƙasan ruwa, kifayen da masunta ke taƙama da su suka fara ja da baya. Ranar 16 ga Nuwamba 1962 Faransa da Siwizalan suka sa hannu kan yarjejeniyar kare tafkin, aka kafa hukumar da ake kira CIPEL. To a nan gizo ke saƙa, jama'a: sa hannun bai tsarkake ko cokali ɗaya na ruwa ba. Shekara goma sha bakwai bayan an sa hannu ƙazantar ƙaruwa ta yi ta yi. Ana auna fosfaras da maikurogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Kafin 1960 bai kai 15 a kowace lita ba, a 1979 ya kusa 90.

Me ya juya lamarin? Hukumar nan ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, ba ta iya rufe ko masana'anta ɗaya. Shawara kawai take ba gwamnatocin biyu. Abin da take da shi awo ne. Akwai wuri guda a tsakiyar tafkin, inda ya fi zurfi, da masu bincike daga garin Thonon ke zuwa da jirgin ruwa sau ɗaya ko biyu a wata su ɗebo ruwa daga sama har ƙasa, shekara da shekaru, a wuri ɗaya, da hanya ɗaya. A ƙarshen shekara a buga sakamakon, kowa ya gani. Ba adadin Faransa daban na Siwizalan daban, balle wani ya ce na wancan ƙarya ne. Da adadin ya fito fili sai jama'a suka samu sandar dukan gwamnati. A 1980 aka kafa ƙungiyar ceto tafkin, ta mutane daga ɓangarorin biyu, suka sa wa masu mulki ƙahon zuƙa. Aka giggina matatun ruwan kwata masu cire fosfaras. A 1986 Siwizalan ta hana sayar da omo mai fosfaras. Faransa ta yi ta jan ƙafa sai 2007. Yau adadin ya sauko ƙasa da 20. Shekara arba'in ana abu ɗaya ba gajiya, shi ne dukkan sirrin.

Sai maganar kuɗi. A watan Disamba 1964 Faransa ta yi dokar ruwa da ta kasa ƙasar gida shida bisa inda kowane babban kogi ke ɗebo ruwansa, ta kafa wa kowane kashi hukuma. Ta kogin Ron a nan Liyon hedikwatarta take. Duk wanda ya ɗebi ruwa ko ya ƙazantar da shi yana biyan wani abu, tun daga mai gida a takardar kuɗin famfonsa har masana'anta, kuɗin kuma ba ya tafiya baitulmali ya ɓace, yana komawa ne wajen gina matatu da gyaran koguna. Akwai majalisar kogi da ke amincewa da yawan kuɗin, inda zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi da manoma da masu masana'antu da masunta da ƙungiyoyin muhalli ke zama da wakilan gwamnati. Tsarin yana da nasa zalunci, don hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta nuna a 2015 cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin daga aljihun masu gidaje yake fitowa, manyan manoma kuwa ɗan kaɗan suke bayarwa. Amma dai an san wanda ya biya da wanda ya zille, ana kuma iya faɗa a kai.

Kada wani ya ce yaro ya je Turai ya dawo da yabon Nasara. Ba waliyyai ba ne, kuma tarihin ruwansu cike yake da son kai. Ku ɗauki kogin Rayin, wanda ya taso daga Siwizalan ya bi iyakar Faransa da Jamus ya ƙare a Holan. Shekaru da yawa ma'adinan fotash na yankin Alsace a Faransa suna zuba gishiri a cikinsa, yana lalata wa masu lambun Holan amfaninsu. An sa hannu kan yarjejeniyar rage gishirin a 1976, gwamnatin Faransa ta ƙi kai ta gaban majalisa, har Holan ta fusata ta janye jakadanta daga Faris a 1979. Sai 1983 majalisar ta amince. Ranar 1 ga Nuwamba 1986 kuma gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel, ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi tan-tan na maganin ƙwari ya zuba a kogin, ruwa ya yi ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma an yi jinkirin sanar da ƙasashen da ke gangare. Wannan kunyar ce ta haifi shirin ceto kogin na 1987, aka ƙarfafa jerin cibiyoyin gargaɗi tun daga Basel har Holan, yadda in wani abu ya zube a sama, dare ko rana, za a buga wa na ƙasa waya su rufe famfunan ɗibansu kafin gubar ta iso.

A nan ƙofar gidanmu ma haka. A 2005 aka gano gubar PCB, wani mai da ake zubawa a taransifoma wanda aka hana tun 1987, a jikin kifin da aka kama gabas da Liyon. Kafin ƙarshen 2007 an hana cin kifin Ron tun daga nan har bakin teku, masunta na gado suka rataye komarsu. A 2022 'yan jarida ne, ba hukuma ba, suka tona cewa masana'antun sinadarai na Pierre-Bénite a kudancin birnin sun daɗe suna sakin sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, har a 2024 hukumar birnin Liyon ta kai kamfanonin kotu. A Faris an hana wanka a kogin Sen tun 1923. An kashe kimanin yuro biliyan 1.4 don a tsarkake shi saboda wasannin Olamfik na 2024, amma duk da haka sai da aka ɗage wata gasa da kwana ɗaya, duniya na kallo, don awon asuba ya nuna ƙwayoyin cutar bayan gida sun yi yawa. Sai a Yuli 2025 aka buɗe wa jama'a wuraren wanka. Abin lura a nan, takardar ɗakin gwaji ta fi ƙarfin magajiyar gari da shugaban ƙasa, duk da suna son a yi wasan a ranar da aka sa. Inda suka fi mu ke nan: in ɓarna ta faru akwai adadin da zai tona ta, akwai kuma wanda za a riƙe.

Yanzu mu dawo gida. An kafa Hukumar Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayu 1964 a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. A shekarar ce aka kafa hukumar Kogin Kwara, wanda dangin Nijar ke ce wa Isa, aka sake mata fasali a 1980, hedikwatarta na Yamai. Ku duba shekarun da kyau. Hukumominmu sa'o'in CIPEL ne, sa'o'in dokar ruwan Faransa ne. Ba a riga mu tashi ba. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar. A Yuli 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan koguna huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamiɗo, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma Komadugu Yobe. A Afrilu 2004, zamanin Obasanjo da Tanja, ƙasashe tara na Kogin Kwara suka hallara a Faris bisa gayyatar Shugaba Chirac suka fitar da sanarwar tafiyar da kogin tare. A 2008 aka amince da kundin ruwan Kwara a Yamai, a 2012 aka amince da na Tafkin Chadi a Injamena. Chadi ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwan da ke ƙetare iyaka a 2018, Nijeriya ta shiga a 2023. In da takarda na tace ruwa, da tuni ruwan Jakara ya fi na kwalba.

Ban ce ba su yi komai ba. Ana auna tashin kogi da saukarsa, ana gargaɗin ambaliya, ana zama kan rabon ruwa da gina madatsai. Amma hankalinmu duk ya tafi kan yawan ruwa, wa zai tare, wa zai samu, muka bar maganar abin da ke cikinsa. Idan an auna ingancinsa, yawanci wani shiri ne na 'yan shekaru da kuɗin Jamus ko Bankin Duniya ko wata ƙungiya, a sayo mota da na'ura, a yi taron buɗewa da na rufewa, a buga rahoto da Turanci ko Faransanci, kuɗi na ƙarewa awo ya tsaya, na'ura ta yi ƙura. Awon da aka yi shekara uku aka daina ba zai taɓa nuna maka ko ana gaba ko ana baya ba. Ni da idona na ga wasu wakilan ƙasashenmu a wani taron ruwa a Faris, suka sa hannu a takardar halarta da safe, ba a sake ganinsu ba sai da yamma da ledojin kanti. A zauren kuwa akwai injiniyoyinmu masu kishi, waɗanda suka san aikinsu sarai, amma in sun koma gida ko kuɗin man zuwa bakin kogi ba a ba su. Kowa ya san waɗanda ake turowa da waɗanda ake bari.

Dangin Inna, ku kuka fi kowa sanin Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, madatsar Jibiya ta tare shi, ya shiga Nijar ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya juyo ya komo Nijeriya ya faɗa Rima, ya nufi Goronyo, inda Sakkwato ke samun ruwan sha. Ku ga ikon Allah. A kan gulbi ɗaya Nijeriya ce ta sama, ita ce kuma ta ƙasa. Maganin ƙwari da takin da aka watsa a lambunan Jibiya, mutanen Madarumfa ne ke fara karɓa. Kwatar Maraɗi da jujinta kuwa, ruwan damina Basakkwace yake kai wa. Babu mai cutar wani a nan ba tare da ya cuci kansa ba. In akwai wurin da haɗin kai ya zama dole a duniya, to wannan ne, kuma mutanen bakinsa harshe ɗaya, addini ɗaya, aure ya haɗa, kasuwa ta haɗa.

Mu Kanawa kuma namu nauyin ya fi. Kamfanonin fata da na saƙa na Calawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin ruwansu zuwa kogin Calawa, na Bompai kuma zuwa Getsi da Jakara har madatsar Wasai. Ana jima ta zamani da sinadarin kuromiyom. Ɗaliban Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello sun rubuta kundaye iri-iri kan ƙarafa masu guba a ruwan nan da lakarsa da ganyen da ake nomawa da shi, kundayen na nan jibge a ɗakunan karatu. Kogin Calawa kuwa ba a Kano yake tsayawa ba. Yana haɗuwa da kogin Kano ya wuce Wudil da Ringim da Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru, ya gamu da Jama'are wajen Gashuwa ya zama Yobe, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar a ƙasar Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Irin waɗannan ƙarafa ba sa narkewa su ɓace, kwanciya suke yi cikin laka, ambaliya ta zo ta tayar da su ta kai gaba. Mai tattasan Diffa yana da haƙƙin a nuna masa takardar awo ta kowane wata, ko ta ce ruwansa lafiya lau ko ta ce akasin haka. Mu kuma da ke sama wajibinmu ne mu ba shi.

Mun saba gane ruwa da abu uku: launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan ya wadatar a zamanin da ƙazantar ruwa ba ta wuce mushe da kashin shanu ba. Gubar zamani ba ta da launi, ba ta da wari. Ruwan Ron garai yake lokacin da aka hana cin kifinsa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, iyaye na ta neman maganin iska da shawara, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan ƙananan kaburbura aka aika jini gwaji. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, Bauci da Jigawa da Kano na cikin waɗanda suka fi jin jiki, a shekarar kuma ya ɓulla a Maraɗi da Damagaram. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan ta nuna fasfo.

Na san amsoshin da za a ba ni. Ta farko, ba mu da kuɗin Turawa. Gaskiya ne ba mu da biliyoyin da aka zuba a kogin Sen, kuma ba su nake nema ba. Abin da ya fara ceto Leman jirgin ruwa ne da kwalabe da ɗakin gwaji da mutanen da ba sa fashi. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi kan kusan dala biliyan 2. Ƙasar da ta iya wannan ba za ta ce kwalaben ɗibar ruwa sun fi ƙarfinta ba. Alawus ɗin tawaga ɗaya zuwa taron Turai zai yi nisa wajen biyan masu awo.

Ta biyu, siyasa ta ɓaci. Haka ne. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, sai a 2024 aka ɗage takunkumin, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. To amma gulbin ya daina gudu ne da aka rufe iyakar? Hukumar kare kogin Rayin a 1950 aka kafa ta, shekara biyar kacal bayan Jamus da maƙwabtanta sun gama karkashe juna. Namu saɓanin bai kai nan ba. Kuma ba lallai sai Abuja da Yamai sun shirya ba. Ƙarƙashin Jeniba akwai ruwan ƙasa da birnin ke rabawa da garuruwan Faransa na kusa. Da aka ga yana ƙafewa, hukumomin yankin ne suka ƙulla yarjejeniya a 1978, suka sabunta ta a 2007, jiha da ƙananan hukumomi da kansu. Gwamnatocin ƙasashen biyu kuwa sai 2025 suka sa hannu kan tafiyar da kogin Ron ɗin gaba ɗaya. Na ƙasa sun riga na sama da kusan shekara hamsin. Me zai hana Katsina da Maraɗi, ko Yobe da Diffa?

Ta uku ita ce ta samarin gidanmu na Maraɗi: wai yanzu da aka kori Faransa ni kuma nake kawo misali da ita. Ƙannena, ku tuna da Arlit. Lokacin da mutanen garin suka yi zargin haƙar yuraniyom ta ɓata musu ruwan sha, ƙungiyarsu ta Aghir In'Man ta nemi taimakon wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, CRIIRAD, da ke Valence a bakin wannan kogi na Ron, kudu da Liyon. Suka je a Disamba 2003, aka riƙe musu na'urori a filin jirgin Yamai, amma daga baya aka auna ruwan, aka ga ya zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Areva ya musa, sai dai daga ranar muhawarar ta koma kan adadi. Awo ne ya ba talakan Arlit baki a gaban kamfanin Faransa. Duk mai kishin 'yancin ƙasa da gaske, ya fara da mallakar ɗakin gwajin da zai gaya masa abin da yake sha, don kada ya dogara da bakin baƙo.

Ga abin da nake kira a yi, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. A tsayar da wurare sanannu na ɗibar ruwa a inda kowane kogi ke ƙetare iyaka da inda yake barin babban gari: ƙasan Jibiya, ƙasan Maraɗi, Wudil, Gashuwa, Diffa, Gaya ta Nijar. A riƙa ɗiba kowane wata, ma'aikacin Nijeriya da na Nijar tare, a raba ruwan biyu, jami'ar Kano ko Katsina ta auna rabi, ta Maraɗi ta auna rabi, a gwada sakamakon. A karanta shi a rediyo da Hausa da Barbarci kamar yadda ake karanta farashin hatsi, a manna shi a ƙofar hakimi. Kuɗin ya fito daga kamfanonin da ke sakin ruwa, gwargwadon abin da kowa ya saka, a asusun da ba a taɓa shi don wani abu. A ba masu kula da famfunan garuruwan bakin kogi lambar wayar juna, yadda in tankar mai ta faɗa gulbi ko amai da gudawa ya ɓarke a sama, na ƙasa zai ji a ranar. Sannan in za a zauna, a ba Sarkin Ruwa da shugaban masu lambu da matan da ke ɗibar ruwa kujera, don su ne ke fara ganin kifi ya taso ciki sama. Jihohi shida na kogin Haɗeja da Jama'are da Yobe sun kafa asusun haɗin gwiwa tun 2006, ke nan akwai tubalin da za a ɗora a kai.

Ku kuma 'yan'uwa, naku aikin tambaya ce. Yaya, kai da kake zama da 'yan majalisa, ka tambaye su yaushe aka auna ruwan Tamburawa na ƙarshe, a ina kuma aka buga sakamakon. Kawu, in kun zauna a ƙungiyar masu lambu, ku rubuta wa hukumar ruwa ku nemi takarda, in ba su amsa ba ku sake rubutawa, ku kai kwafi gidan rediyo. Abokaina malaman jami'a, ku fito da kundayen nan daga kabad ku mayar da su Hausa, shafi ɗaya ma ya isa. 'Yan siyasa za su zo neman ƙuri'a da buhun shinkafa da alƙawarin rijiyar burtsatse, ku karɓa, sannan ku tambaye su wa zai auna ruwan rijiyar. Hukumar da ba a tambayarta barci take yi, ta Turai ma sai da aka tashe ta.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yafe mini, wanda kuma yake da hujjar da ta fi tawa ya rubuto, zan sa ta a nan kowa ya karanta. A gaida yara duka. Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a, rubutun kundi ya zo gangara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga cutar da ake gani da wadda ba a gani.

Wassalam.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
daga Liyon, Faransa.